Yadda za a sake fasalin darasin amfani da laburare ga ɗaliban da ke bincike da waya

A yawancin jami'o'inmu da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, darasin amfani da laburare bai sauya sosai daga yadda aka gaje shi ba. A tara sababbin ɗalibai a makon farko, a zaga da su sassan laburare, a karanta musu dokoki, sannan a ba su handaut mai bayanin ire-iren katalog da tarihin rubutu. Ɗalibin da ake yi wa wannan bayani kuwa yana da waya a aljihu, kuma da ita zai yi kusan duk binciken da zai yi har ya kammala. Idan aka ba shi aiki, Google zai fara tambaya, ko zauren WhatsApp na ajinsu, ko kuma ChatGPT da ya fito a watan Nuwamban 2022, ko Meta AI da ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024. Wannan jagora na ma'aikatan laburare ne da malaman da ke koyar da kwas ɗin, kuma manufarsa ɗaya ce: a kai darasin inda ɗalibi yake aiki, wato kan wayarsa, a kuma ba da mafi yawan lokaci ga abin da wayar ba ta koya masa ba, wato tantance abin da ya samo.

Ku fara da kallon yadda suke yi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka cewa duk matashin da hannunsa ke gudu a kan waya ya iya bincike. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka kowane ɗalibi ya taɓa zama gaban allo. Amma danna A ko B bai koya masa sanya wa fayil suna, ko liƙa takarda a imel, ko bambanta maƙalar mujallar ilimi da rubutun shafin talla ba.

Kafin ku taɓa manhajar darasin, ku yi abu biyu. Na farko, gajerar tambaya ta Google Forms da ba ta wuce tambaya shida ba: wace na'ura kake da ita, da me ka yi aikinka na baya-bayan nan, ina ka fara nema, nawa kake kashewa a data a mako, a ina kake buga aikinka, ka taɓa amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen aikin makaranta? Kada a nemi suna, don da zarar an nemi suna amsar tambaya ta ƙarshe za ta koma "a'a". A raba kwafin takarda ga waɗanda ba su da babbar waya, in ba haka ba su ne za su ɓace daga lissafin, alhali su suka fi bukatar a san da su.

Na biyu ya fi na farko amfani. Ku zaɓi ɗalibai takwas zuwa goma daga tsangayoyi daban-daban, maza da mata, ku ba kowa minti goma da aiki ɗaya: ya nemo maƙala ɗaya a kan wani batu na fanninsa, da wayarsa, yana faɗin abin da yake tunani. Ku zauna gefe ku rubuta, kada ku gyara masa. A nan za ku ga abin da takardar tambaya ba ta nunawa: mai rubuta tambayar malami gaba ɗayanta cikin akwatin nema, mai karanta taƙaitaccen bayanin saman shafin Google ya tsaya, mai ɗaukar hoton allo ba tare da adana adireshin shafin ba, mai sauke fayil ya rasa inda ya shiga. Abubuwan da kuka gani sun maimaitu, su ne darasinku.

Ku gwada hidimominku da irin wayarsu

A samo waya ƙirar Tecno ko Itel mai ƙaramin ma'aji, a kashe Wi-Fi, a fita wajen harabar makaranta, a bi duk hanyar da kuke shirin koya wa ɗalibai: shafin laburare, katalog na intanet, ma'ajiyar kundayen digiri, da kowane rumbun bayanai da makaranta ke da rajista da shi. Katalog ɗin da aka gina da manhajar laburare ta Koha yana buɗewa da kyau a waya idan an daidaita shi, amma wasu makarantu sun ɗora shi a kan sabar cikin gida, don haka ba ya buɗewa sai a cikin harabar. Rumbunan da ake biya kuma galibi suna gane makaranta ne ta adireshin intanet ɗinta. Ɗalibin da ke kan datar MTN ko Airtel, ko da yana zaune a tsakiyar laburare, rumbun ba zai gane shi ba, sai ya nemi ya biya daloli kafin ya buɗe maƙala. Daga nan ɗalibin zai yanke cewa laburare ba shi da komai, kuma ba zai dawo ya tambaya ba.

Maganin wannan shi ne hanyar shiga daga nesa, irin su EZproxy ko MyLOFT ko RemoteXs, idan makaranta tana da ɗaya. Idan babu, a faɗa wa ɗalibai gaskiya tun farko: waɗannan rumbuna sai a kan Wi-Fi na makaranta, waɗannan kuma a ko'ina. Ku rubuta sakamakon gwajin a shafi ɗaya mai layi uku: abin da ke aiki a waya, abin da sai da kwamfuta, abin da ba ya aiki sam. Abin da ba ya aiki a cire shi daga darasi har sai an gyara. Akwai kuma kayan aikin da ake yawan yabawa a taruka amma ba su da amfani ga mai waya: ƙarin Unpaywall mai nemo kwafin maƙala na kyauta da na Zotero mai adana madogara, alal misali, ana ɗora su ne a burauzar kwamfuta, Chrome na Android ba ya karɓarsu.

A rage kaya, a sauya lokaci

Zama ɗaya na awa biyu ba ya ɗaukar fiye da abu uku da ɗalibi zai fita ya iya yi da hannunsa. Ga sabon ɗalibi, ukun da suka fi cancanta su ne: ya mayar da tambaya zuwa kalmomin nema, ya tabbatar da ingancin madogara, ya rubuta ta a manazarta. Lokutan buɗewa da dokokin aro da taswirar sassa duk su koma bidiyo na minti biyu ko hoto ɗaya da za a tura a WhatsApp.

Wannan ba ya nufin a watsar da littafin kanta. Tarihin ƙasar Hausa da adabinta da shari'a da yawancin kundayen digiri na da, har yanzu a takarda suke, wasu a Arewa House ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kuma babu injin nema da zai kawo su. Karanta lambar littafi tana bukatar minti goma sha biyar ne a gaban kanta. A tsarin Library of Congress da mafi yawan jami'o'inmu ke bi, haruffa ne ke fara nuna fanni: S noma, R likitanci, L ilimi, BP addinin Musulunci, DT tarihin Afirka, tarihin Najeriya kuwa a DT 515. Lambar da ke bin haruffan cikakkiya ake karanta ta, don haka DT 52 yana zuwa kafin DT 515. Wadda ke bayan ɗigo da harafi kuwa ɗaya bayan ɗaya ake karanta ta, shi ya sa .A45 ke zuwa kafin .A5. A nan ne kusan kowa ke ɓata. A ba kowane rukuni lamba uku su ɗauki hotonsu a katalog, su je su ɗauko littattafan.

Batun lokaci ya fi batun kaya muhimmanci. Darasin makon farko yana zuwa ne lokacin da ɗalibi ke fama da rajista da neman ɗaki, ba shi da aikin da zai gwada abin da aka koya masa a kai. Ku nemi malamai biyu ko uku masu ba da aikin rubutu, ku roƙi awa biyu a makon da suka ba da aikin, ku gina darasin a kan batun aikin kansa. Sai zama na biyu ga 'yan aji uku masu kwas ɗin dabarun bincike, na uku kuma ga 'yan ajin ƙarshe a makon da aka amince musu da batun furojet. Tsarin manhajar karatun jami'o'i na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja ta tsara da kanta. Shugaban laburare yana zama a majalisar jami'a, kuma a can ya kamata ya nema wa wannan darasi gurbi a rubuce.

Tsarin zaman kansa

A raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni da waya aƙalla ɗaya mai data da caji. A sanar kwana biyu kafin zaman ta hannun wakilin aji. A cikin rukuni, ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ya rubuta abin da aka gwada da abin da ya fito, ɗaya ya yi bayani idan an kira su, kuma a juya aikin bayan kowane atisaye don kada mai wayar ya mamaye komai.

Ga yadda za a iya raba minti 120. Minti goma na farko a ba su aiki ba tare da bayani ba, su nemo madogara ɗaya yadda suka saba. Minti 30 na dabarun nema. Minti 40 na tantancewa, har da gwajin ƙirƙirarriyar basira. Minti 20 na manazarta da adana fayil. Sauran na tambayoyi da gajeren gwaji. Kada malami ya yi magana fiye da minti bakwai ko takwas a jere ba tare da ɗalibai sun taɓa waya ba.

Ku nuna musu allon waya a majigi, ba allon kwamfuta ba. Abin da ke gefen hagu a Google Scholar na kwamfuta, kamar zaɓen shekara, a waya yana ɓoye ne, kuma ɗalibin da aka nuna wa na kwamfuta zai yi ta nema bai gani ba. Manhajar scrcpy kyauta ce, tana ɗora allon Android a kan kwamfuta ta igiyar USB. Wuta za ta ɗauke ko intanet ya tsaya wata rana, don haka a riƙe hotunan allo na kowane mataki a fayil ɗaya da bai wuce megabait biyu ba, a tura shi zauren aji tun da safe, a kuma buga kwafi ɗaya ga kowane rukuni. A ajin da ya kai ɗaruruwa, inda ba za a iya zagawa ba, a ba kowane rukuni kati huɗu masu A, B, C, D su ɗaga idan an yi tambaya. Ya fi manhajojin ƙuri'a sauri, kuma ba ya cin data.

Koyar da nema

Ɗauki misalin ɗalibin aikin gona da aka ce ya rubuta a kan yadda wuta-wuta ke rage amfanin dawa a arewacin Najeriya. Mataki na farko a takarda ake yin sa: ya ja layi ƙarƙashin ginshiƙan tambayar, wato ciyawar, da amfanin gonar, da wurin. A ƙarƙashin kowanne ya jera sunayen da masu bincike ke amfani da su: Striga hermonthica ko witchweed, sorghum ko guinea corn, Nigeria ko Sudan savanna. Daga nan sai a buɗe Google Scholar a rubuta "Striga hermonthica" cikin alamar zance don kalmomin biyu su zo a haɗe, a ƙara sorghum da Nigeria. A nuna musu yadda adadin sakamako ke raguwa da ƙarin kowace kalma, da yadda OR da manyan haruffa ke faɗaɗa shi. Wanda ke bincike a kan wake zai gane da kansa cewa tasa ciyawar Striga gesnerioides ce, kuma kuskuren suna ɗaya na iya kai shi ga maƙalun da ba nasa ba.

Maɓallai uku a ƙarƙashin kowane sakamako sun cancanci a tsaya a kansu. "Cited by" yana kai ɗalibi ga sababbin ayyukan da suka ambaci wannan maƙala. "All versions" sau da yawa yana fito da kwafin kyauta a ma'ajiyar wata jami'a idan na mawallafi na kuɗi ne. "Cite" kuma yana ba da rubutun manazarta. A Google na yau da kullum, site:edu.ng yana taƙaita nema ga shafukan manyan makarantun Najeriya, site:gov.ng ga na gwamnati, filetype:pdf kuma ga fayilolin PDF kaɗai.

Daga nan a nuna musu wuraren da mai waya zai shiga ba tare da kuɗi ba. AJOL yana ɗauke da mujallun Afirka sama da 500, kuma a can ake samun binciken da aka yi a Zariya ko Maiduguri wanda manyan rumbunan Turai ba su da shi, ko da yake ba duka maƙalunsa ne kyauta ba. DOAJ jerin mujallu ne na kyauta da aka tantance. Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun ilimi, yana da Hinari na lafiya tun 2002 da AGORA na noma tun 2003, sai OARE na muhalli, ARDI na ƙere-ƙere, da GOALI na shari'a, amma sai makaranta ta yi rajista, kuma ba a yarda a liƙa kalmar sirrinsa a allon sanarwa ko a zauren da kowa ke shiga ba. Littattafan karatu na kyauta akwai su a OpenStax da DOAB da kuma kayan karatun jami'ar NOUN.

Ɗaliban Hausa da tarihi da nazarin addini suna da matsala tasu. Wasu katalog da shafuka suna rubuta ƙ da ɗ da ɓ, wasu suna sa k da d da b zalla, tsofaffi kuma da alamar ɗauri a gefe, kuma ba kowane injin nema ke ɗaukarsu abu ɗaya ba. A koya musu su gwada kowace siga. Haka sunaye: Shehu Usman ɗan Fodiyo yana fitowa a matsayin Usman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi, da Usmanu Danfodiyo, kuma mai neman siga ɗaya zai rasa ayyuka da yawa.

Ƙirƙirarriyar basira: a gwada ta a gabansu

Hana amfani da ita da baki ba ya aiki, tunda tana cikin manhajar da suke gaisawa da iyayensu. Wa'azi a kan illarta ma ba ya zama a zuciya kamar abin da mutum ya gano da idonsa. Don haka a yi wannan atisaye, kuma a ba shi cikakken minti 25.

Kowane rukuni ya nemi ChatGPT ko Meta AI ko Gemini ya ba shi maƙalu biyar a kan wani ƙuntataccen batu na gida, misali noman rani a Kadawa ko waƙoƙin fada a Katsina, da sunan marubuci da shekara da mujalla. Su kwafe jerin a takarda, sannan su bi kowace maƙala da gwaji uku. Na ɗaya, a sa taken cikin alamar zance a Google Scholar. Na biyu, idan an ba da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, wadda kullum take farawa da 10 da ɗigo, a rubuta doi.org/ a liƙa lambar a ga inda za ta kai. Na uku, a shiga shafin mujallar a duba kundi da fitowa da shafin da aka ambata. A gaban kowace maƙala su rubuta ɗaya daga hukunci uku: tana nan daidai, tana nan amma da kuskure, ba a same ta ba.

Abin da yakan fito yana da siga iri-iri, kuma yana da kyau malami ya san su tun kafin zaman. Akwai marubuci na gaskiya da aka jingina masa taken da bai taɓa rubutawa ba. Akwai mujalla ta gaskiya da fitowar da babu ita. Akwai DOI mai aiki amma yana kai mutum ga wata maƙala daban. Akwai kuma wadda ta fi wuyar kamawa, inda maƙalar gaskiya ce amma ba ta faɗi abin da aka ce ta faɗa ba, kuma ba a gane wannan sai an buɗe an karanta. Dalilin kuwa a faɗa musu shi da sauƙi: waɗannan manhajoji suna harhaɗa kalmomi ne bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya a rubuce-rubucen da aka horar da su da su. Sun san kamannin manazarta, don haka suna iya ƙera mai kama da ta gaske. Inda rubutu ya yi ƙaranci a intanet, kamar batutuwan ƙasarmu da abin da aka rubuta da Hausa, ƙirƙirar takan fi yawa. Waɗanda ke haɗe da injin nema sun rage wannan matsala, ba su kawar da ita ba.

A gargaɗe su kuma kada su wuce gona da iri: mujallun gida da yawa ba su da DOI, wasu ma ba sa intanet, don haka "ba a same ta ba" yana nufin a zo laburare a duba, kuma kada a sa ta a manazarta sai an riƙe ta a hannu. Ga ɗaliban lauya, labarin shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jirgin Avianca ya isa misali: a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira.

Sai a nuna musu inda take da amfani: samo kalmomin nema na Ingilishi, fayyace ma'anar kalmar fanni, gyara nahawun abin da ɗalibi ya rubuta da kansa idan malaminsa ya yarda. Ƙa'idar da za a ba su gajeriya ce: a tambayi malamin kwas abin da ya halatta, a bayyana inda aka yi amfani da ita, kada a liƙa mata bayanan mutanen da aka yi hira da su.

Akwai magana ga malamai ma, domin laburare za su zo nema. Manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura ba hujja ba ne. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda rashin daidaito, kuma wani bincike na jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun fi zargin rubutun waɗanda Ingilishi ba harshensu na uwa ba ne, wato irin ɗalibanmu. Abin da ya fi adalci shi ne a nemi ɗalibi ya kawo madogara uku daga manazartarsa, ya buɗe su, ya nuna shafin da ya ɗauko magana.

Tantance shafi da mujalla

Tsohuwar hanyar ba ɗalibi jerin tambayoyi ya duba shafi da su, ko yana da kwanan wata, ko yana da sunan marubuci, ta yi rauni, domin shafin ƙarya ma yana da duk waɗannan. Sam Wineburg da Sarah McGrew na Stanford sun kwatanta yadda ɗalibai da malaman tarihi da ƙwararrun masu tantance labarai ke duba shafi, suka ga ƙwararrun ba sa daɗewa a cikinsa. Suna fita ne su buɗe wani shafin su ga abin da wasu ke faɗa a kan mai shi. Wannan yana yiwuwa a waya, sai dai ɗalibai da yawa suna buɗe mahaɗi ne a cikin Facebook, inda ba a iya buɗe shafi na biyu. A koya musu su kwafe adireshin zuwa Chrome, su buɗe sabon shafi, su nemi sunan ƙungiyar ko marubucin. Hoton da aka turo a zaure kuma a bi asalinsa da Google Lens.

Ga 'yan ajin ƙarshe da masu digiri na biyu, a ƙara batun mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da bitar masana ba. Alamominsu sun haɗa da alƙawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, da suna mai haɗa fannonin da ba su da alaƙa, da iƙirarin rajista a DOAJ ko Scopus, wani jerin mujallun da aka tantance. A duba iƙirarin a shafin Scopus ko DOAJ ɗin kansa, kada a yarda da tambarin da mujallar ta liƙa.

Manazarta da adana fayil

Ga mai waya, zbib.org ya fi sauƙi: ba ya bukatar rajista, a liƙa DOI ko ISBN ko adireshin shafi, a zaɓi salo kamar APA bugu na 7, ya fitar da rubutun. Jerin yana zama ne a cikin burauzar, don haka idan aka share bayananta ya tafi. A kwafe shi zuwa Google Docs a ranar. Duk abin da na'ura ta fitar a duba shi da ido, musamman sunayenmu, inda takan ɗauki sunan yanka a matsayin na iyali ko ta raba suna mai "ɗan" gida biyu.

Ɓatan fayil yana jawo satar fasaha fiye da yadda ake zato. Ɗalibi ya ɗauki hoton sakin layi, bayan wata biyu ya manta inda ya samo shi, sai ya saka shi ba madogara. A sa kowa ya buɗe jaka ɗaya a Google Drive tun a cikin aji, ya sanya wa kowane fayil sunan marubuci da shekara da kalma biyu na take, kuma duk lokacin da zai ɗauki hoton shafi ya fara da shafin take. Wayoyi suna ɓacewa ko su lalace ana tsakiyar furojet, kuma abin da ke Drive ne kaɗai ke tsira.

Bayan an tashi

Tashar WhatsApp ta fi zaure dacewa da sanarwa, domin mabiya ba sa ganin lambobin juna, kuma wannan yana da muhimmanci ga ɗalibai mata. Zaure yana tsayawa a mutum 1,024, kuma idan za a yi shi a kulle shi sai masu kula ne ke turawa. Tambayoyi su tafi lambar laburare ta aiki, ba ta wani ma'aikaci ba, da sa'o'in amsa a rubuce. Bidiyo kada ya wuce minti biyu, abu ɗaya kacal ya koyar, a ɗauke shi daga allon waya a tsaye, da rubutu a ƙasa don mai kallo ba sauti. Bayani da Hausa a saƙon murya yana taimaka wa sababbin ɗalibai ƙwarai, muddin an bar sunayen maɓallai yadda suke a allo. Kada tashar laburare ta zama wurin raba cikakkun littattafan da ke da haƙƙin mallaka.

Waɗanda ba su da babbar waya a ware musu sa'o'i a sashen kwamfutoci na laburare, kuma kada a ba da maki a kan aikin da sai da waya ake yin sa. Ɗalibai makafi suna karatu da manhajojin da ke karanta rubutun allo da murya, wato TalkBack a Android ko NVDA a kwamfuta, kuma waɗannan ba sa karanta PDF ɗin da hoton takarda ne kawai, don haka a tanadi kwafin Word na kowane handaut.

Wajen auna ko darasin ya shiga, tambayar "mene ne katalog" ba ta nuna komai. A ba su aiki na minti goma: ga madogara uku, ɗaya ƙirƙirarriya ce, a gano ta a faɗi yadda aka gano. A ƙarshen zango kuma a karɓi ayyuka ashirin daga malamin da aka yi haɗin gwiwa da shi, a cire sunaye, a ƙirga madogaran da ke akwai da gaske da waɗanda suka fito daga mujallun ilimi, a ajiye adadin don kwatantawa da na zango mai zuwa. Kowane hoton allo da bidiyo a rubuta masa watan da aka yi shi, a kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin sake bin gwajin waya mako biyu kafin a dawo hutu, domin maɓallan waɗannan manhajoji suna sauya wuri ba tare da sanarwa ba.